Ƙamshin Adakar Inna

Shekara da shekaru ina zana ƙwayar halitta a allo. Da'ira nake yi da farin alli, in ɗiga mata ɗigo a tsakiya, in ja kibiyoyi zuwa gefe in rubuta sunayen sassanta, 'yan mata su kwafa. Makarantar da nake koyarwa a Gusau tana da madubin ƙara girma guda ɗaya, yana kulle a kabad ɗin shugaba, sai manyan baƙi sun zo ake fito da shi a goge masa ƙura. Saboda haka ni da ɗalibaina mun yarda da ƙwayar halitta ne yadda muka yarda da ƙasar Sin: an ce tana nan, kuma tana fitowa a jarrabawa.

Ban yi aure da wuri ba. Mijina, wanda nake kira Malam, mutumin Bungudu ne, malamin gona, muna zaune a unguwar Tudun Wada a Gusau. Da cikina na fari ya fara tsufa, aka mai da ni gida Tsafe wajen Inna, mahaifiyata, in haihu a gabanta in yi wankan jego, kamar yadda aka saba. Na tafi da kayan jariri cike da jaka: riguna, huluna, safa, nafkin, da farin shawul mai kauri. Inna ta leƙa jakar, ta ɓata rai.

"Wa ya gaya miki ana baza kayan wanda bai zo ba? Kawo nan, kar ido ya gani."

Ta buɗe adakarta. Tsohon akwatin ƙarfe ne na kayan aurenta, mai zanen furanni da suka koɗe. A ciki akwai atamfofin da ba su taɓa ganin ruwa ba, da saƙin kakata, da farin yadin da ta ajiye don ranar da za a buƙata. Tsakanin kowane ninki akwai ƙwayoyin kafur, fararen nan masu kama da alawa da ake sa wa tufafi don korar asu da kyankyasai. Inna ba ta ƙyashin kafur. Idan tsofaffin suka narke sai ta ƙara sababbi, tun kafin a haife ni. A gidanmu wannan ƙamshin shi ne ƙamshin tsabta, shi ne na safiyar Sallah. Ta jera kayan jaririn a can ƙasa, ta watsa musu kafur, ta rufe. Can suka zauna har na sauka.

Na haifi namiji lafiya a asibitin garin, ya yi kuka yadda ake so, aka sallame mu.

Ga wanda bai tashi a irin gidanmu ba, sai na yi bayani. Ɗan fari ana jin kunyarsa. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ƙura masa ido, ba ta nuna ta damu da shi. Idan ya yi kuka sai ta jira wani ya ce, "Ke, ɗauki yaron nan mana," sannan ta ɗauka kamar an tilasta mata. Na yi digiri, na karanta littattafai masu kauri, amma ban taɓa ganin wannan a matsayin abin da za a yi gardama a kansa ba. Ni ma ɗiyar da aka ji kunyarta ce, ko da yake ba ni ce ta fari ba. Kafin ni an yi wani namiji da bai daɗe ba, ni na gaji kunyar.

Don haka Inna ce ke yi masa wanka, ita ke shirya shi. Riga kan riga, hula, safa, sannan ta naɗe shi da shawul, duk daga adaka kai tsaye. Ɗakin jego a rufe yake, taga a tushe, kaskon garwashi a gefe don kar sanyi ya shige mu. Ni aikina in sha kunun kanwa, in shiga ruwan zafi, in ba da nono ƙarƙashin mayafi ina kallon bango. Na san nauyinsa a hannuna da ƙamshinsa. Ƙamshin kafur yake yi.

Matan da ke zuwa barka sun yi ta yabonsa. "Kai, wanga yaro da haƙuri yake. Kullum shina kwana." Wata ta ce ya ɗauko hasken dangin ubansa. Na ji daɗi a raina, ban nuna ba.

Abu na farko da na lura da shi ba da ido ba ne. Jan nononsa ne ya ragu. Da yana kamawa da ƙarfi har in cije leɓe, sai ya koma tsotsa kaɗan ya saki, ya yi barci. Bayan haka na ga nafkin ɗinsa a roba kafin Inna ta wanke, da tabo kamar an zuba shayi mai kauri. Na tsaya ina kallo.

"Mi kike kallo?"

"Inna, kalar fitsarin ce."

"Shawara ce ta jarirai. Wane yaro ne ba ya yi? A ɗan nuna shi ga hantsi, a ba shi jiƙo, ta wuce. Ke kauda ido, ba ki da kunya?"

Na kauda. Surukata, Hajiya, ta iso daga Bungudu ana gobe suna, da ƙullin saiwar rawaya a jakarta, ta ce da ita ta yi wa 'ya'yanta duka maganin shawara. Tsofaffin biyu ba su cika jituwa ba, amma a kan wannan bakinsu ya zo ɗaya.

Ranar suna da safe, bayan an raɗa masa suna an yanka rago, aka fito da shi tsakar gida don aski. Shi ne karo na farko da ya shiga hasken rana ba hula. Ina zaune daga bakin ƙofa, an yi mini kwalliya, mata na guɗa. Aska ta bi kansa, gashin ya zube, fatar da ta fito launin gwaiduwa ce. Ya yi kuka, kukan ya fito siriri, sama-sama, kamar na mage, ya ɗan banƙare wuya baya.

Ban ji tsoro ba. Har yau ina mamakin hakan. Ji na yi kamar ina duba takardar jarrabawa na ga amsar da ba daidai ba. Na tashi, na ratsa mata, na karɓe shi daga cinyar Inna a gaban kowa, na buɗe idonsa da yatsa. Farin idon rawaya ne. Na buɗe tafin hannunsa, ba jini. Guɗar ta tsaya. Wata gwaggona ta ce, "A'a, boko dai bai yi ba."

Na ce a kira mini Malam daga waje.

Hanyar Tsafe zuwa Gusau a shekarun nan ba a bin ta idan rana ta yi sanyi, kowa ya san dalili. Don haka ba a tsaya doguwar muhawara ba. Muka bar rago rabi a fiɗe, baƙi da kwanonin waina a gabansu, muka shiga mota: ni, da Inna riƙe da jariri, da Malam a gaba. A hanya direba ya yi ta tsayawa yana magana da masu shingen bincike. Na tuna ina kallon gonakin gero ina tunanin ban cire sarƙar da aka aro mini ba.

Likitan yaran da ya gan mu a Gusau mutum ne mai ƙaramar murya da idanun wanda bai ƙoshi da barci ba. Ya sa aka tuɓe yaron, ya danna fatar ƙirjinsa, da cinyarsa, da tafin ƙafarsa, ko'ina rawaya. Ya sa aka ɗibi jini da gaggawa, aka kwantar da shi ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila, sannan ya fara tambaya. Da ya ji abin da nake koyarwa, sai ya juyo da kujerarsa sosai.

"To Malama, mu yi tare. Wannan rawayar daga ina take fitowa?"

Bakina ya amsa da kansa, da muryar aji. "Idan jajayen ƙwayoyin jini suka mutu, jan da ke cikinsu ya rikiɗe ya zama rawaya, hanta ta kwashe ta fitar."

"Hantar jariri kuma?"

"Ba ta gama ƙwari ba."

"Shi ya sa jarirai da yawa ke yin shawara kaɗan, ta wuce. Inna ba ta yi ƙarya ba. Amma dubi tafin hannun nan, ga kuma fitsarin da kika ce. Wannan ba ragwancin hanta kaɗai ba ne. Ƙwayoyin ne ke fashewa da yawa lokaci guda. Tambayar ita ce, me ke fasa su?"

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sikila ba ta nuna kanta da wuri haka, kuma mun yi gwaji kafin aure. Rukunin jinina da na yaron ba su saɓa ba, sakamako ya nuna. Ba zazzaɓi, cibiya a bushe take, ba ta wari. Ya tambayi ko an ba shi wani magani, ko an shafa masa lalle ko man zafi. Inna ta ce jiƙo kawai, shi ma bai sha na kirki ba. Likita ya riƙa buga biro a tebur. Shawul ɗin yana kan cinyar Inna, a ninke. Ya dube shi, ya miƙa hannu.

"Inna, ba ni in gani."

Ya kai shi hanci. Bai daɗe ba ya ajiye shi can ƙarshen tebur, nesa da kowa.

"Tun yaushe yake cikin kayan nan?"

"Tun da yaz zo duniya," in ji Inna. "Ni ba ni sa ma jikana kaya masu datti."

"Na gani. Inna, a cikin 'ya'yanki maza, ko 'yan'uwanki maza, akwai wanda ya taɓa yin shawara mai tsanani yana jariri?"

Inna ba ta taɓa yin maganar wanda ya riga ni ba. Abin da na sani game da shi a bakin wasu na ji. Ta gyara mayafinta, ta dubi bango, irin kallon da ta koya mini.

"Na fari. Bai kai ga suna ba. Haka yay yi, jawur kamar an shafa mai rawaya, yat tahi."

"Kayansa a ina aka ajiye?"

Ta kai ido ga shawul ɗin da ke ƙarshen tebur. Bai sake tambaya ba.

Ya juyo gare ni. Ya ce a cikin kowace jar ƙwayar jini akwai wani sinadari da aikinsa kare ta daga abin da za a iya kira tsatsa. Wasu ana haifarsu da ƙarancinsa, kuma a ƙasarmu ba baƙon abu ba ne. Sunansa G6PD, suna mai kama da lambar mota. Mai irin wannan jinin zai iya tsufa bai sani ba, sai ranar da ya haɗu da abin da ke kawo tsatsar: wasu magunguna, lalle a jikin jariri, ko kafur. Kafur ba sai an ci ba. Tururinsa na shiga ta hanci da ta fata, balle fatar jariri da aka shafe da mai, a ɗaki rufaffe mai ɗumi. Ƙwayoyin su yi tsatsa daga ciki, su fashe.

"Ta wajen wa ake gado?" Malam ya tambaya. Shi ne abu na farko da ya faɗa.

Likita ya dube ni. Na ce, "Ta wajen uwa. Mace ta ɗauka, ɗanta namiji ya nuna." Darasi ne da nake koyarwa a zango na biyu, da zanen akwati mai gida huɗu. 'Yan mata suna sonsa, don yana da sauƙin ci.

"Kin san abin ke nan," in ji likita.

Na ce na san shi a allo.

Ban san ko tausayi ne ko halin malanta ba, amma ya kai ni ɗakin gwaji, ya ce in leƙa madubi. Ranar na fara ganin ƙwayar halitta da idona. Faya-fayai ne ƙanana, ja-ja, birjik. Da yawansu an gutsure gefensu, kamar wainar da yaro ya ciza ya mayar kwano. Likita ya ce saifa ce ke cizge wurin da ya lalace. Na daɗe ina kallo. Abin da ya zo mini shi ne, ashe da'irar da nake zanawa ba ta yi nisa da gaskiya ba, sai dai ban taɓa zana mai cizo ba.

Rawayar ta yi yawan da fitila kaɗai ba za ta isa ba. Aka ce za a sauya masa jini ta cibiya, a riƙa zare nasa kaɗan-kaɗan ana mayar da na wani. Ƙanen Malam ya taso daga Bungudu ya bayar, bayan an gwada an ga nasa ba shi da irin matsalar. Hajiya ta biyo mu daga Tsafe. A barandar asibiti ta ce, da murya mai daɗi, "Ashe daga ɗakin uwa abin ya hito. Mu dai a gidanmu ba mu san shi ba." Inna, wadda ba a taɓa faɗa mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba, ta ce, "Haka ne, Hajiya." Hajiya ta rasa inda za ta sa sauran maganar, sai ta buɗe kular abinci.

Bayan sauyin jinin aka mai da shi ƙarƙashin fitila, tsirara sai nafkin, an rufe masa idanu da ƙyalle. Nan na fara ganin ɗana gaba ɗayansa. Yana da dogayen yatsun ƙafa irin na mahaifina. Na zauna a kujerar roba ina kallonsa ba ƙyaftawa, ba wanda ya ce in kauda ido. Ina jira in ji wani abu ya taso mini a ƙirji. Abin da na ji kawai shi ne nono ya cika yana zafi.

Ya rayu. Rawayar ta janye, ya koma kama nono da ƙarfi. Ranar sallama likita ya faɗi abubuwan da za mu nisanta da shi har girmansa, sannan ya rage murya. Ya ce wannan kukan da banƙarewar wuyan suna nuna rawayar ta leƙa ƙwaƙwalwa kafin mu iso. Ƙwayoyin jini ana yin sababbi kullum. Na ƙwaƙwalwa ba haka suke ba. Kuma waɗanda rawayar ta fi saurin taɓawa su ne masu kula da jin sauti. Ba za a san iyakar ɓarnar ba sai ya ɗan tasa.

Muka koma Tsafe in ƙarasa wanka. Washegari da hantsi Inna ta jawo adakar tsakar gida ita kaɗai, ta hana a taya ta. Ta fito da komai. Atamfofin da ta yi shekaru tana tattali ta tsoma su a ruwa ɗaya bayan ɗaya, suna zubar da kala. Ta tsince kafur ɗin a tsohon gwangwani, ta kai bayan gida ta binne. A can ƙasan adakar akwai wata 'yar hula ta ulu da ban taɓa gani ba, ba ta cikin kayan da na kawo. Ita ma ta wanke, ta shanya a ƙarshen igiya. Tsakar gidan ya cika da ƙamshin safiyar Sallah, na shige da yaron ɗakin da ya fi nisa. Ba sai an gaya mini hular ta wa ce ba. Adakar kuwa har yau ƙarfenta na ƙamshi, don haka ta koma ma'ajiyar tsofaffin kwanoni a zaure.

Watanni suka wuce. Na koma Tudun Wada, na koma aji. Yaron ya yi ƙiba, wuyansa ya tsaya a makare, amma ya tsaya, daga baya ya fara zama. Idan maƙwabta suka tayar da injin wuta yakan firgita, idan ana daka yakan tsaya cak. Na riƙe waɗannan biyun, ban nemi ƙari ba. Da muka koma asibiti, likita ya duba shi, ya ce gwajin ji da na'ura sai an tura mu wani gari, kuma akwai layi.

"Kafin nan, yana juyowa idan kin kira sunansa?"

Na shiga gyara wa yaron hula.

"Malama?"

"Ɗan fari ne, likita."

Ya rufe ido da tafin hannu, ya yi wata 'yar dariya ta gajiya. "Ni ma uwata har yau ba ta kira nawa ba. Ki gwada dai. Daga bayansa, inda ba ya ganinki, da muryar da kike magana kullum. Muryarki ya fi sani."

Ban gwada ba ranar, ban gwada ba washegari. Sai da Inna ta zo duba mu, na ba ta labari a matsayin abin dariya. Ba ta yi dariya ba. Da la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zaunar da shi, ta ba shi murfin kwano yana juyawa. Ta zo ta tsaya kusa da ni, muna bayansa.

"Kira shi."

"Inna."

"Ni nac ce ki kira shi. Sunanshi na yanka."

Sunan ya yi mini nauyi a baki, kamar kalmar da na sha karantawa ban taɓa furtawa ba. Na faɗa. Ƙeyarsa ba ta motsa ba. Na sake faɗa, da muryar da nake kiran 'yar da ke kujerar ƙarshe a aji. Wata kaza da ke bakin rariya ta ɗaga kai. Shi yana nan yana juya murfi.

"Wasa shika yi," in ji Inna. "Hankalinshi na ga murhin."

Na ce, "Eh."

Na'urar ta tabbatar daga baya, ta ba abin suna da ma'auni, amma ba ta gaya mini abin da ban sani ba tun wannan la'asar. Na zagaya ta gabansa, na durƙusa a tabarmar har fuskata ta yi daidai da tasa, Inna na tsaye tana kallo. Na sake faɗin sunan a hankali, ina buɗe baki sosai. Ya saki murfin, ya ƙura wa leɓɓana ido, ya miƙo hannu ya sa yatsunsa a bakina. Na sake faɗa da yatsun a ciki.